Yadda Ake Gano Gidan Kakanni a Tsofaffin Taswirorin Birnin Cardiff

Tambayar da masu karatu mazauna Birtaniya suka fi maimaitawa, musamman ɗalibai da waɗanda aure ya haɗa su da mutanen Wales, ita ce yadda za a gano ainihin inda wani gida ya taɓa tsayuwa, alhali titin da yake kai ma an shafe shi tuntuni. Na ɗauki Cardiff a matsayin misali domin birni ne da cinikin kwal ya kumbura shi cikin gaggawa: mutum 1,870 aka ƙidaya a cikinsa a 1801, amma zuwa 1901 sun kai 164,333. An gina unguwanni a kan gonaki, an kuma rushe wasunsu ɗungurungum, har da mafi yawan tsohuwar Butetown, inda ma'aikatan jiragen ruwa daga Yaman da Somaliya da Afirka ta Yamma suka zauna. Matakan da ke tafe suna aiki ga Swansea da Merthyr Tydfil da Wrexham da sauran garuruwan ƙasar.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai faffaɗan allo, domin waya tana wahalar da ido a wannan aiki, sai littafin rubutu da fensir da rula. Kusan duk taswirorin kyauta ake dubawa a intanet. Inda kuɗi ke shigowa shi ne wajen takardun haihuwa da mutuwa da wasu kundayen ƙidaya.

1. Samo adireshi mai shekara

Kada ka buɗe taswira kafin ka riƙe suna da titi da shekara a hannu. Taswira gine-gine take nunawa, ba ta faɗin wanda ke ciki, kuma sunayen dangi a Wales kaɗan ne ƙwarai, ta yadda neman wani Jones ko Davies ko Williams ba tare da adireshi ba tamkar neman Malam Musa ne a Kano ba a ambaci unguwa ba.

An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli, 1837. Fihirisarta tana shafin FreeBMD kyauta, amma fihirisa gunduma kawai take bayarwa. Adireshin yana cikin takardar kanta, wadda ake saya daga ofishin rajista na ƙasa, General Register Office. A farashin da aka sa a 2024, takarda mai hatimi fam 12.50 ce, kwafin PDF fam 8, hoton shafin rajista kuma fam 3. Ga mai bincike hoton nan na fam 3 ya wadatar, domin bayanin duk ɗaya ne, sai dai na haihuwa da mutuwa kaɗai ake samu ta wannan hanya.

Tushe na biyu shi ne ƙidayar jama'a, wadda ake iya duba sunayen cikinta daga ta 1841 zuwa ta 1921, kowace bayan shekara goma. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi, don haka rajistar da aka ɗauka ranar 29 ga Satumba, 1939 ita ce ke cike giɓin. Ana samun waɗannan a shafukan binciken zuriya na Findmypast da Ancestry da kuɗin wata, amma ɗakunan karatu da yawa a Wales suna barin mutum ya duba a kwamfutocinsu ba tare da biya ba.

Gargaɗi: lambar da ke layin farko na hagu a shafin ƙidaya lambar fom ce da malamin ƙidaya ya ba kowane iyali bi da bi. Ba lambar gida ba ce. Wannan kuskure ya kai mutane da yawa ƙofar da ba tasu ba.

2. Tantance sunan titi da lardi na wancan zamani

Tituna suna canza suna. Queen Street ta yau, a ɓangarenta na gabas, Crockherbtown ake ce mata har shekarun 1880, Custom House Street kuwa a da Whitmore Lane ce, aka sauya mata suna saboda baƙin jinin da ta yi. Wasu unguwannin babu su sam: an rushe Temperance Town, wadda ke gaban babbar tashar jirgin ƙasa, a ƙarshen shekarun 1930, Newtown ta 'yan Ireland ita ma ta bi baya wajen 1970. Idan ka rubuta irin waɗannan sunaye a akwatin bincike na taswirar zamani ba za ka sami komai ba, sai dai ka nemi wani abu na kusa da ya tsira, kamar coci ko gada ko layin dogo, ka fara daga nan.

Tsofaffin taswirori bisa tsofaffin larduna aka tsara su, ba bisa ƙananan hukumomin da aka ƙirƙiro a 1974 da 1996 ba. Cardiff tana ƙarƙashin Glamorgan, amma Rumney, wadda yanzu unguwa ce a gabashin birnin, a Monmouthshire take, don haka a jerin wancan lardi za a neme ta.

3. Zaɓi ma'aunin da ya dace

Hukumar safiyo ta Birtaniya, Ordnance Survey, ta buga taswirori iri uku da suka shafi wannan aiki, kuma sanin bambancinsu yana rage ɓata lokaci.

Na farko shi ne mai inci 6 a mil guda, wato 1:10,560, inda santimita ɗaya ke wakiltar kusan mita 106. Yana da amfani wajen ganin unguwa gaba ɗaya da yadda ta jingina da tashar jiragen ruwa, amma gidajen da ke jere sukan haɗe su zama dunƙule ɗaya.

Na biyu shi ne mai inci 25 a mil guda, wato 1:2500, inda santimita ɗaya take mita 25. Da shi za ka yi mafi yawan aikinka, domin yana nuna kowane gida da katangarsa da filin bayansa, kuma an sabunta shi sau da dama: bugun farko na Glamorgan a shekarun 1870 aka auna shi, na biyu dab da 1900, na uku a wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan aka sake bin wasu fallayen kafin yaƙi na biyu.

Na uku shi ne taswirar gari mai 1:500, wadda aka yi wa garuruwan da mazaunansu suka haura 4,000 tsakanin 1855 da 1895. A nan santimita ɗaya mita 5 ce kacal. Gidan da faɗin fuskarsa mita huɗu da rabi ne zai fito milimita 9 a kanta, alhali a mai inci 25 bai cika milimita 2 ba. Za ka ga matakalar ƙofa, da famfon tsakar gida, da jerin masai a bayan lungu, da turakun fitilun titi, da murafen kwata, har da yadda aka raba ɗakuna a cikin manyan gine-ginen jama'a, wani lokaci da adadin kujerun coci. Ta Cardiff wajen 1880 aka yi ta. Illarta ita ce ga yawancin garuruwa sau ɗaya aka buga ta, don haka shekara guda kawai take riƙe da ita. Akwai kuma wadda ta girme ta, mai 1:528, da aka auna a 1851 domin hukumar lafiya ta garin bayan annobar kwalara ta 1849. Ga wanda kakanninsa suka zauna a cunkusassun lungunan bayan St Mary Street, babu abin da ya kai ta.

Lambobin fallaye suna da tsari. Kowane falle mai inci 6 yana da lambar Rumawa, an raba shi gida 16 domin mai inci 25, kowane ɗaya daga cikin 16 ɗin kuma an raba shi gida 25 domin mai 1:500. Tsakiyar Cardiff tana falle na Glamorgan XLIII.15, wanda ya ɗauki mil ɗaya da rabi a faɗi da mil ɗaya a tsaye. Ka rubuta wannan lamba duk lokacin da ka yi amfani da falle, domin da ita ake neman takardar a ma'adanar tarihi.

4. Buɗe taswirar, ka karanta gefenta tukuna

Abin mamaki, wuri mafi sauƙi na duba taswirorin Wales shi ne shafin ɗakin karatu na ƙasar Scotland, maps.nls.uk, kuma kyauta ne. Hanyoyi uku yake bayarwa: ɗaya tana nuna iyakokin fallaye domin ka zaɓi wanda kake so ka buɗe shi shi kaɗai, ɗaya tana shimfiɗa tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan adam tare da maɓallin da ake ja domin ta dusashe ko ta fito, ta uku kuma tana jera tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, alamar linzaminka tana motsi a duka biyun lokaci guda.

Ka fara da mai shimfiɗa domin ka gano wurin, sannan dole ka koma ka buɗe fallen shi kaɗai. Dalili shi ne shimfiɗar an ɗinke ta ne daga fallaye masu shekaru dabam-dabam, aka yanke gefensu, kuma a gefen nan ne shekarun suke. Kalmomi uku za ka nema: “Surveyed”, shekarar awo na asali, “Revised”, shekarar da aka sake zagayawa aka gyara, da “Published”, shekarar bugawa. Ta bugawa ba ta da amfani a gare ka. Abin da ke kan takardar hoton shekarar awo ne ko ta gyara, kuma tazarar da ke tsakani takan kai shekara biyu ko uku. A garin da ake gina sabbin layuka kowace shekara, wannan tazara ta isa ta sa titi ya bayyana a ƙidayar 1881 amma a rasa shi a fallen da aka buga a 1880 ko bayanta kaɗan. Rashin ganin gida a taswira ba hujja ba ce cewa babu shi a shekarar da aka buga ta.

Gargaɗi: tarin bugun farko mai inci 25 da ke wannan shafi bai cika ba ga Ingila da Wales. Idan ba ka ga fallen shekarun 1870 ba, ka neme shi a ma'adanar lardin ko a ɗakin karatu na ƙasar Wales da ke Aberystwyth.

Alamomin ba su da wuyar koyo. P.H. da B.H. mashaya ce, W rijiya, P famfo, L.B. akwatin wasiƙa, F.P. hanyar ƙafa, B.M. kuma alamar tsawo da masu safiyo suke sassaƙawa a jikin bango. Rufin gilashi da layuka masu gicciye ake nuna shi. A fallayen da aka yi wa launi da hannu, ja ginin bulo ne ko dutse, ruwan toka na katako ko ƙarfe, shuɗi kuma ruwa.

5. Gano gidan a cikin jeri

Nan ne aikin yake, domin taswirorin hukumar safiyo na kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba sa ɗauke da lambobin gidaje. Za ka ga layi mai gidaje talatin iri ɗaya, babu abin da ke cewa wannan ne na goma sha biyu.

Hanyar da ta fi inganci ita ce haɗa abubuwa uku. Na farko, kundin adireshi na shekarar da ta fi kusa, irin na kamfanin Kelly ko na Slater ko wanda jaridar Western Mail ta riƙa bugawa. Jami'ar Leicester ta sa da yawa daga irin waɗannan a intanet kyauta, ɗakin karatu na Cathays a Cardiff kuma yana da tarin na birnin. Sashen tituna na waɗannan kundaye yana jera mazauna gida bayan gida, yana kuma nuna inda wani titi ya ratso. Na biyu, littafin malamin ƙidaya: a shafinsa na farko yakan bayyana iyakar yankinsa, sannan yawanci ya bi gidaje a jere. Na uku, wani gini mai suna da ya fito a duka taswira da kundi, galibi mashaya ko coci ko makaranta ko kantin kan kwana.

Sai ka yi ƙirga. Idan kundi ya nuna mashaya a kan kwana, ya kuma lissafa gidaje biyar kafin wanda kake nema, ka ɗora fensir a kan alamar P.H. a taswira ka ƙirga filaye biyar zuwa ɓangaren da lambobin suke hawa. Daga nan ka maimaita ƙirgar daga ɗaya ƙarshen layin. Idan ƙirga biyun suka faɗa kan gida ɗaya, ka samu. Idan suka saɓa, to akwai ƙofar lungu da ka ɗauka gida, ko gida biyu da aka haɗe, ko wanda mai kundin ya tsallake. Masu kundaye sun fi kula da 'yan kasuwa da masu hali, sukan wuce 'yan haya da gidajen kwanan matuƙan jirgi ba su rubuta ba.

Gargaɗi: a yawancin titunan ƙarni na 19 an fara ba da lambobi a jere, a hau ta gefe ɗaya a sauko ta ɗayan, daga baya aka koma tsarin mara a gefe guda, cika a ɗayan. Iyalin da ƙidaya ɗaya ta nuna a lamba 7, ta gaba kuma a lamba 14, mai yiwuwa ko tabarma ba su ɗaga ba. Ka duba maƙwabta: idan sunayen hagu da dama ba su canza ba, lambar ce ta canza.

Taswirori biyu suna taƙaita wannan wahala. Fallayen 1:1250 da aka fara bugawa bayan 1945 suna da lambobin gidaje, kuma an auna Butetown kafin rushewar shekarun 1960, don haka ana iya ɗaukar lamba daga can a mayar da ita kan fallen 1900, muddin an tabbatar ba a sauya lambobin a tsakani ba. Sai taswirorin inshorar gobara na kamfanin Goad, masu ma'aunin 1:480, waɗanda suke ba da lambar gini da yawan benensa da sana'ar da ake yi a ciki, da ruwan hoda ga bulo, rawaya ga katako. Su dai tsakiyar kasuwanci da rumbunan tasha suka fi rufewa, unguwannin zama kaɗan ne suka shiga.

6. Koma baya zuwa taswirar ushiri

Idan dangin sun riga bunƙasar birnin, ko kana son sanin abin da ke wurin kafin a gina layin, sai ka nufi places.library.wales, inda ɗakin karatu na ƙasar Wales ya sa taswirorin ushirin coci fiye da dubu kyauta. An zana su ne bayan dokar 1836 da ta mayar da ushirin amfanin gona kuɗi, yawancinsu tsakanin 1838 da 1850. Kowane fili yana da lamba, lambar kuma tana kai ka ga jadawalin da ke ba da sunan mai ƙasa, da mai noma ta, da sunan gonar, da girmanta. Awon da eka ne da ƙananan rabe-rabenta: eka ɗaya “rood” 4 ce, “rood” ɗaya kuma “perch” 40.

A ganina wannan taswira ta fi amfani ga Roath da Canton da Splott da Grangetown, waɗanda a lokacin gonaki ne da fadama, fiye da tsakiyar gari, inda sau da yawa akan dunƙule gine-gine ba tare da sunayen mazauna ba tunda babu ushirin da za a karɓa a kansu. Haka kuma masu safiyo masu zaman kansu ne suka zana su, ingancinsu ya bambanta, don haka idan iyakar gona ta kauce wa titin yau da 'yan mitoci, kada ka gina hukunci a kai.

7. Nemi mai gida da ɗan haya a kundin 1910

Dokar kuɗi ta 1910, wadda ministan kuɗi na lokacin, Lloyd George, ya kawo, ta sa an kimanta kowane gida da fili a ƙasar. Jami'an sun ɗauki fallayen hukumar safiyo suka rubuta wa kowace kadara lamba da jan tawada, lambar kuma tana kai wa ga littafin da ya ƙunshi mai gida, da wanda ke ciki, da kuɗin haya, wani lokaci har da yawan ɗakuna da halin da ginin yake ciki. Littattafan suna ma'adanar ƙasa da ke Kew a Landan ƙarƙashin lambar katalog IR 58, taswirorin Wales kuma ƙarƙashin IR 131. Dole a fara da taswira, domin ba a iya gano shafin littafin sai da lambar nan ta jan tawada. Wasu fallayen sun ɓace, saboda haka a duba katalog kafin a sayi tikitin jirgi.

8. Je ma'adana, sannan ka taka wurin

Ma'adanar tarihin lardin, Glamorgan Archives, tana Leckwith a Cardiff, shiga kyauta ne, amma ana son a nemi wuri tun kafin ranar, a zo da shaidar kai, kuma fensir kaɗai ake yarda da shi a ɗakin bincike. A can ne za ka nemi zanen gine-gine da magina suka miƙa wa hukumar gari domin neman izini, wanda yakan ba da shekarar da aka gina layi da fasalin ɗakunansa. Ka tambayi kuɗin izinin ɗaukar hoto tun da farko. Haƙƙin mallakar taswirar hukumar safiyo yana ƙarewa bayan shekara 50 da bugawa, amma hoton da wani ɗakin karatu ya ɗauka yana da nasa sharuɗɗan, sai a karanta su kafin a wallafa. Kafin tafiyar yana da kyau ka rubuta sunan titin da lambar gidan a shafin tsofaffin jaridun Wales na ɗakin karatu na ƙasa, wanda ya ƙunshi 1804 zuwa 1919 kyauta. Tallar gwanjon gida ko rahoton kotu yakan tabbatar da ƙirgar da ka yi a mataki na biyar.

Ranar zuwa wurin, ka buga fallen a takarda, ka yi alama a kan abubuwa biyu ko uku da ba su motsa ba, ka auna nisan gidan daga gare su da rula, ka mayar da shi mita. A Butetown, cocin St Mary na shekarun 1840 yana nan a Bute Street, katangar layin dogo tana nan a gefen gabas na titin, filin shaƙatawa na Canal Park kuma yana kwance a kan tsohuwar hanyar ruwan Glamorganshire da aka cike. A tsakiyar gari, ka tuna cewa an karkatar da kogin Taff wajen 1850 domin gina tashar jirgin ƙasa, kuma Westgate Street a kan tsohuwar hanyarsa take, don haka gidan da taswirar 1840 ta nuna a bakin ruwa kusa da Quay Street yau yana fuskantar kwalta ne. Kada ka dogara da sunan titi kaɗai a unguwar da aka sake ginawa: Loudoun Square ta riƙe sunanta, amma dogayen benaye ne suka maye gurbin gidajen da lambun tsakiyarta, wasu layukan kuma an gajarta su ko an kautar da su. Idan awonka ya faɗa cikin harabar wani, ka tsaya daga titi ka ɗauki hoton, ka rubuta a bayansa lambar fallen da shekarar awonsa da wuraren da ka auna daga gare su.